Yadda dillali zai ci la'adarsa da halal idan shi ne tsakanin mai gida da mai saye

A Katsina sau da yawa a cinikin fuloti da gida dillali ɗaya ne ke riƙe da ɓangare biyu, shi mai gida ya ba amana kuma shi mai saye ya kira. Wannan ba laifi ba ne, inda matsalar take shi ne ɓoyewa. Tun kafin a fara tayi ka gaya ma kowa cewa ɗayan ma naka ne kuma za ka karɓi la'ada a wajensa, in sun yarda shi kenan.

Sannan a yanke la'adar tun farko. An fi sabawa da kashi 5 cikin 100 a sayarwa, haya kuma kashi 10, amma yarjejeniya ce, ana ragi ana ƙari. A faɗi wa zai biya, a rubuta, in akwai ƴan kayi-nayi (ƙananan dillalan da suka sa hannu a cinikin) a bayanka to daga cikin rabonka za ka sallame su.

Abin da ya fi ci mani rai shi ne ɗora kuɗi a sama. Misali Alhaji ya ce ya sallama gidansa na Ƙofar Ƙaura miliyan 8, kai ka je ka ce ma mai saye miliyan 9 ne, ka hana su haɗuwa, ka soke miliyan ɗaya a aljihu kuma ka dawo ka miƙa hannu a ba ka dubu 400 na la'ada, wallahi wannan ha'inci ne ko da ba wanda ya gane. Sai dai in mai gidan da bakinsa ya ce duk abin da ya hau naka ne. Haka kawo abokinka ya yi tayin ƙarya don farashi ya tashi, shi ne najashi da Annabi (SAW) ya hana.

Sirri kuma ka riƙe. In mai gida ya matsu saboda asibiti ko biki, kar ka raɗa ma mai saye ya murƙushe shi. Amma aibin gida dole ka faɗa: ruwa na kwanciya da damina, rigimar magada, ko takarda na jingine a banki.

Ranar biya ka zaunar da su wuri ɗaya gaban mai unguwa da shaidu, kuɗi su tafi akawun ɗin mai gida kai tsaye. Kafin nan a kai lambar C of O (takardar shaidar mallakar fili ta gwamnati) ofishin filaye a tantance, don tun dokar filaye ta 1978 canja mallakar fili mai C of O sai da amincewar gwamna.