Yadda Ake Tattara Tarihin Uwa Ko Kaka Tun Masu Labarin Suna Raye

Duk wanda ya taɓa zaman makoki a Agege ko Idi-Araba a Legas ya san yadda abin yake. Kwana uku gida cike, tabarmi har bakin titi, kowa ya shigo sai ya ce, "Allah ya jiƙan Hajiya, mace ce mai haƙuri." Ana yin sadakar uku baƙin Arewa su nufi tasha, 'ya'ya su koma kasuwa. Bayan shekara biyar ka tambayi jikanta wace ce kakarsa, ya ce maka mai haƙuri ce. Haƙuri da me? Da wa? Matar da ta yi shekara hamsin a Ikko tana hura wuta kafin kiran assalatu, abin da ya rage nata ke nan.

Saura kaɗan haka ta faru da kakata. Ga hanyar da muka bi, har da wuraren da muka yi tuntuɓe.

A fara tun ana zaman makoki, amma da kunne kawai. Ba lokacin tambaya ba ne. Labarin gaske a cikin gida yake fitowa, wajen mata, bayan la'asar idan kuka ya lafa, kuma namiji ba ya zama a wurin. Don haka a sa wata jika mai hankali ta zauna kusa da tsofaffi, ta riƙe sunan duk wadda ta ce "tare muka zo" ko "ni na san ta tun tana amarya", ta karɓi lambarta kafin ta tafi. Mu mun yi sakaci da wannan, sai da muka yi wata biyu muna cigiyar wata tsohuwa da aka ce ta koma wajen ɗanta a Alaba Rago.

Mataki na biyu shi ne sanin wa za a tambaya, kuma a nan mutane ke kuskure. 'Ya'yanta su ne suka fi kowa ƙarancin sani. Uwar da ko sunan ɗanta na fari ba ta faɗa saboda kunya, ita ce za ta zauna ta ba shi labarin ƙuruciyarta? A nemi aminiyarta, da uwar adashinsu, da abokiyar zamanta in tana raye, da matan da suka yi mata talla suna yara. Kada a manta da maƙwabciya Bayarabiya mai kiranta Alhaja, don sau da yawa ta ga abin da dangi ba su gani ba. A je da ɗan goro ko sabulu, a gaisa sosai, a nemi izini kafin a kunna waya a ɗauki murya.

Tambayar ma da irinta. In ka ce, "Goggo, wace irin mace ce Hajiya?" za ta ce maka mai haƙuri ce, kun dawo gidan jiya. Ka ce, "Goggo, ranar da kuka sauka daga jirgi, wa ya tarye ku?" Ko, "Me ta fara sayarwa, koko ko waina? A ina take sayen gero?" Ko, "Ɗaki nawa ne a gidan hayar farko, ku nawa a ciki?" Ƙaramar tambaya ita ke buɗe bakin tsohuwa. In ta kauce ta shiga labarin kanta, a ƙyale ta, za ta zagayo. Mutum ɗaya a mako ya isa, don cunkoson Legas ba zai bar ka ka haɗa Agege da Ojo a yini guda ka kuma zauna hira a natse ba. 'Yan'uwa na gida kuwa, saƙon murya a WhatsApp ya wadatar.

Sai batun shekaru, wanda shi ya fi daɗi kuma ya fi wahala. Iyayenmu mata ba sa lissafi da kalanda, da abin da ya faru suke yi, kuma shekarun da ke jikin katin shaida galibi ƙiyasi ne. To a riƙe waɗannan turaku a kai. Yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970. Canjin hannun tuƙi 1972. Canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo 1973. Kisan Janar Murtala a nan Legas, 13 ga Fabrairun 1976. Bikin FESTAC 1977. Komawar gwamnati Abuja, Disamban 1991. Soke zaɓen 12 ga Yunin 1993, lokacin da magidanta da yawa suka tura iyalansu gida. Fashewar bama-bamai a barikin Ikeja, 27 ga Janairun 2002, da rikicin Idi-Araba da ya biyo baya 'yan kwanaki kaɗan. Duk labarin da aka ba ka, ka tambaya: kafin Murtala ne ko bayansa? Da sule ake ciniki ko da kwabo?

Aminiyar kakata ta ce mini, "Da goyon babanku ta sauka, shekarar da aka daina sule." Ke nan 1973. Takardar babana kuwa cewa ta yi 1975 aka haife shi. Ya yi dariya ya ce a bar maganar a cikin gida.

Na huɗu, akwatinta. A nan sai an yi hattara, domin daga ranar da ta rasu duk abin da ke ciki haƙƙin magada ne, ko da tsohon kwano ne. Ba a ɗauka a ce "zan ajiye don tunawa" sai da yardarsu. Abin da za a yi shi ne a ɗauki hoton komai kafin rabon gado: zannuwa, kwanukan jere, carbi, fasfon Hajji mai ɗauke da shekarar tafiya, rasit ɗin haya, hotunan suna da biki. Tun kafin wannan ma a bincika bashi, a tambayi uwar adashi ko ta kwasa ba ta gama zubi ba, a kuma duba ko akwai ajiyar wasu a hannunta, don tsofaffi irinta su ne bankin unguwa. Takarda ba ta daɗewa a Legas. Laima na cinta, ambaliyar damina ɗaya kuma ta isa. A tura hotunan ga mutum uku a garuruwa daban.

Yanzu rubutu. Shafi biyar ko shida sun isa. A fara da sunanta na yanka, da na mahaifinta, da garinsu da unguwarsu, domin akwai jikokin da har ta rasu ba su san tana da wani suna bayan Hajiya ko Inna ba, har da mai sunanta da ake kira Ummi. A rubuta da Hausa. Na san yaranmu na nan sun fi sakewa da Yarabanci da Turancin titi, to a karanta musu, a kuma ɗauki karatun a murya. A sa maganganunta yadda take faɗinsu, da faɗanta, da wasan da take yi da jikoki, wannan mijinta, waccan kishiyarta. Tarihin da ba faɗa a ciki ba na kakar kowa ba ne. Amma sirrin aurenta da saɓaninta da dangi a bar su inda ta bar su. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, kuma akwai masu rai da abin zai taɓa. Kafin a raba, a karanta wa babba a gidan. Kada wani ya yi gaban kansa ya sa hotonta a Facebook, wasu gidajen ba sa so.

Abu na ƙarshe ba ya ƙarewa. Hadisi ya ce aikin mutum yana yankewa in ya mutu sai uku: sadaka mai gudana, ilimi mai amfani, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Batun taron arba'in da na shekara malamai sun saɓa, kowane gida ya bi malaminsa, kada a yi rigima a kan kabari. Ruwa dai ba a saɓa a kansa ba. Sa'adu ɗan Ubada rijiya ya haƙa wa mahaifiyarsa. In rijiyar burtsatse ta fi ƙarfinku, tankin alwala a masallacin unguwa ma sadaka ne.

Sannan ƙawayenta. Annabi (SAW) yakan yanka akuya ya aika wa ƙawayen Nana Khadija bayan rasuwarta. Mu duk Babbar Sallah muna kai wa maƙwabciyar kakata nama, kuma ba ta taɓa barinmu mu tashi ba labari ba. Bara ta ce da ta haifi ɗanta na fari ba kowa nata a kusa, Alhaja, wato kakata, ce ta tsaya mata, ta riƙa dama mata kunun kanwa kullum. Tana sha tana hawaye don ba ta saba da shi ba, Alhaja na tsaye a kanta sai ta ga ƙasan kwano. Da na dawo gida na ƙara shafi na bakwai.