A Nan Gabas Ba Ita Ce Alƙibla Ba: Taswira da Kamfas ga Baƙon Hamadar Saudiyya

La'asar ta farko da na yi a Riyad, na shimfiɗa darduma a tsakar gidan da muka sauka, na ba rana baya kamar yadda na saba a gida, na ɗaga hannu zan kabbara. Wani dattijo Basakkwace da ya shekara talatin a ƙasar ya dafa kafaɗata ya ce, "Yaro, Ka'aba ka juya wa ƙeya." Aka yi dariya, ni ma na yi. Sai daga baya na gane ba abin dariya ba ne kawai.

Mu Hausawa gabas da alƙibla abu ɗaya ne a bakinmu. Wanda ba ya sallah ma cewa muke yi ba ya kallon gabas. Daga Kano alƙibla tana wajen digiri 68, wato gabas da ɗan karkata arewa, don haka lissafin bai taɓa ba mu matsala ba. A nan kuwa ya rushe. A Riyad alƙibla yamma ce maso kudu, wajen digiri 244. A Madina kudu ce kusan sak. Mutumin Ɗa'if yamma yake kallo, na Abha da Jizan arewa maso yamma. Jidda ce kaɗai a manyan biranen take yi wa Bahaushe adalci, don ita gabas take kallo. To, wanda ya ga masallaci a bakin hanyar Riyad ya ce a ransa "ga gabas can," ya riga ya juyar da duniyarsa gaba ɗaya. A cikin gari ba komai, matambayi ba ya ɓata. Amma a hamada wa za ka tambaya?

Kada ka ce kai ba ruwanka da hamada. Da sanyi ya shigo, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, rabin gari ficewa yake yi zuwa abin da suke kira barr, wato filin hamada na bayan gari, a kafa tanti, a hura wuta, a dafa gahawa. Kashta suke ce wa wannan fita. Idan kai direban gida ne, kai za ka ja motar zuwa Sumama ko Raudat Khuraim, wuraren shaƙatawa a hamadar bayan Riyad. Idan ɗalibi ne, abokai za su ja ka kallon ramin Wahba ko tsaunin Fihrain da ke gefen dutsen Tuwaiƙ. Akwai kuma 'yan'uwanmu da aka ɗauko kiwon raƙuma da tumaki, aka ajiye su a izba, wato sansanin dabbobi a hamada, inda sai mai dabbobin ya kawo ruwa da abinci suke ganin mutum. Su ne ma suka fi kowa bukatar wannan magana.

Na san amsar da za ka ba ni: ai da waya. Gaskiya ne wayar tana iya sanin inda kake ko babu sabis, domin daga tauraron ɗan'adam take karɓar wannan. Abin da ba za ta iya ba shi ne buɗe maka taswirar da ba ka sauke tun kana gari ba. Sai ka ga ɗigon shuɗi a kan farin allo. Ga zafi da ke sa ta kashe kanta in ka bar ta a gaban mota, ga neman sabis da ke shanye caji kamar rairayi ya sha ruwa. Ka sauke taswirar yankin a Google Maps kafin ka fita, ka riƙe abin ƙarin caji. Amma ka sayi kamfas, busala a bakin Larabawa. A shagunan kayan kashta ake samunsa. Ka nemi mai faffaɗan gindi na roba garai-garai da ake ɗorawa a kan taswira, ba ɗan ƙaramin nan da ake maƙalawa a darduma ba.

Aikinsa ba wuya. Jan kan allurar arewa yake nunawa. Da'irar an raba ta 360: arewa sifili, gabas 90, kudu 180, yamma 270. Ka riƙe shi a kwance daidai cibiyarka, ka nuna kibiyarsa inda za ka, ka murɗa zoben har jan allurar ya kwanta cikin gidansa, wato alamar arewa da aka zana a cikin zoben, ka karanta lambar. Ita ce lambar tafiyarka. Ta dawowa kuwa, in ta tafiya ba ta kai 180 ba ka ƙara 180, in ta wuce ka cire. Ka tafi a kan 70, ka dawo a kan 250. Ka rubuta a takarda ko a bayan hannunka da biro. Kada ka amince wa kanka, mai ƙishirwa ba ya lissafi.

Sannan ka matsa daga mota kafin ka karanta, taku ashirin ko fiye. Ƙarfen mota, waya, wuƙa, har maganaɗisun da ke murfin jakar waya, duk suna jan allura. Akwai kuma ɗan bambanci tsakanin arewar da allura ke nunawa da arewar taswira. A arewacin Najeriya kusan babu shi, shi ya sa ko waɗanda suka yi sikawut a gida ba su damu da shi ba. A nan allurar tana karkata gabas da digiri uku zuwa huɗu. In ka auna 90 a taswira, sai ka bi 86 ko 87 a kamfas. Kamar ba komai ba ne, amma kuskuren digiri ɗaya mita 17 ne a kowace kilomita. Digiri huɗu a tafiyar kilomita 10 ya kai ka mita 700 gefe, kuma tudun yashi ɗaya ya isa ya ɓoye maka tanti a tazarar da ba ta kai haka ba.

Wanda ke Madina ya ƙara kula. Baƙaƙen duwatsun nan da suka kewaye garin, harra, narkakken dutse ne da ya daskare. Aman wutar dutse na ƙarshe ya ɓarke a 1256, shekara ta 654 bayan Hijira, har ya doshi garin. Irin wannan dutse yana ɗauke da ƙarfe mai maganaɗisu, yana iya karkatar da allura in ka ɗora kamfas a kansa. Ka karanta a tsaye, ka matsa gaba ka sake karantawa. In lambobin biyu suka saɓa, ƙasar ce take maka wasa.

Taswira kuwa, abu biyu ka fara dubawa. Na farko ma'auninta: in an rubuta 1:50,000, santimita ɗaya rabin kilomita ce a ƙasa, in 1:250,000 ce, kilomita biyu da rabi. Na biyu layukan nan masu lanƙwasa da ke nuna tudu da gangare. Inda suka matsu da juna, gangaren tsaye yake. A Tuwaiƙ wannan ba ƙaramar magana ba ce, don kana tafiya a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa sai kawai ta ƙare a gabanka. Ko bugu daga intanet ka yi a takarda, ya fi babu. Ka juya takardar har samanta ya dace da jan allura, sannan ka nemi abin da ke cikinta a fili.

Yanzu ga abin da nake ganin ya fi duk sauran, kuma da shi kaɗai aka bar ni in faɗa da na gamsu. Kafin tayar mota ta sauka daga kwalta, ka tsaya, ka fito, ka duba ta ina kwaltar ta miƙe kuma ta wane ɓangare kuke barinta. Tanti ɗigo ne, ana kuskure masa. Kwalta layi ce mai tsawon ɗaruruwan kilomita, ba a kuskure mata. In titin ya miƙe kudu da arewa kuka shiga gabas, to duk inda ka tsinci kanka, yamma ce mafita. Turakun wutar lantarki, shingen waya, doguwar korama, duk suna wannan aikin.

Da wata dabara a ciki. A ce gidan mai kake nema a bakin wannan titin. In ka nufe shi kai tsaye a kan 270, ka iso kwalta ba ka gan shi ba, dama za ka yi ko hagu? Ba ka sani ba. Amma in da gangan ka bi 260, ka san kudu da shi za ka ɓulla, da ka taka kwalta sai ka yi dama. Kuskuren da ka zaɓa da kanka ya fi wanda ya zaɓe ka.

Ni na taɓa yin makuwa a bayan Sumama, kuma ba wata tafiya mai nisa ba ce. Kewayawa na yi bayan tudu da magariba. Da na juyo, tudun nan guda ya zama biyar, duk kamarsu ɗaya, iska kuma ta soma share sawuna. Na fi awa ina yawo, ashe zagaye nake yi. Masu bincike a Jamus sun gwada wannan a daji da kuma hamadar Tunisiya, suka wallafa sakamakon a 2009: mutum na tafiya sak muddin yana ganin rana ko wata, da sun ɓace sai ya fara zagaye yana rantsuwa miƙe yake. Fitilar motar da abokan tafiya suka kunna ce ta dawo da ni. Tun daga ranar, ko fitsari zan je sai na ɗauki lamba, in zaɓi wani dutse ko itaciya a kan layin, in isa gare shi, in sake zaɓar wani. Ka kuma san takunka: ka auna mita 100 a unguwa, ka ƙirga sau nawa ƙafar dama ta taɓa ƙasa. Yawancin mutane tsakanin 60 da 70 ne, a cikin yashi kuma ya fi haka.

In kamfas ɗin ya faɗi, sama tana nan. Tauraron arewa, Jadyu a wurin Larabawa, a Kano ƙasa-ƙasa yake, dunƙulen hannu ɗaya da ɗan ɗori daga doron ƙasa in ka miƙe hannu, kuma hazo kan rufe shi. Shi ya sa da yawanmu mun san Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta amma ba mu san shi ba. A Riyad da Madina ya hau dunƙule biyu da rabi, ba ya gusawa dare farai. Ka nemi taurari bakwai da suke kira Banatu Na'ash, masu kama da ludayi. Biyun da ke bakin ludayin ka ja layi daga gare su, ninki biyar na tazarar da ke tsakaninsu, ka same shi. Da farkon dare a lokacin sanyi ludayin bai gama fitowa ba, sai ka nemi wasu biyar masu siffar harafin W, Jadyu na gaban buɗaɗɗen bakinsu. Mai ƙyalli da ke ƙasa-ƙasa ta kudu kuwa Suhail ne, wanda makiyayan nan ke jiran fitowarsa a ƙarshen Agusta don sanin zafi ya fara karyewa.

Da rana ma akwai hanya, kuma mai sallah ya riga kowa riƙe da ita. Riyad da Madina suna arewa da iyakar inda rana ke kaiwa tsakar ka, don haka inuwar sanda a lokacin zawali, gab da kiran azahar, arewa take nunawa duk shekara. A Makka da Jidda kada ka dogara da wannan a tsakiyar bazara: wajen 28 ga Mayu da 16 ga Yuli rana kan tsaya daidai saman Ka'aba, tsakanin ranakun biyu kuma inuwar kudu take komawa.

Kada ka kafa tanti a cikin kwari don yashinsa ya yi laushi. Ruwan da aka yi a tsaunin da ba ka gani shi ke zuwa da dare. Mutanen Jidda ba su manta ambaliyar Nuwamban 2009 ba, wadda ta ci rayuka fiye da 100 a cikin gari ma.

In kuwa mota ta kafe ko ta mutu da zafin rana, ka zauna a jikinta. Ita ake hangowa daga nesa, ita ce inuwarka, a cikinta jarkar ruwa take. In tafiyar ta zama dole kuma ka tabbatar da ɓangaren kwalta, ka bari sai asuba, ka bar takarda a gilashi da lambar da ka bi da lokacin da ka tashi. Wani lokaci hawa kan tudu na kawo sabis. Ka kira 911 a yankunan Riyad, Makka, Madina da Gabas. Sauran wurare 999 'yan sanda, 998 jami'an ceto, 997 motar asibiti. Akwai ƙungiyoyin sa-kai irin su Injad da ke fita neman waɗanda suka ɓata. Abin da za su fara tambaya shi ne lambobin wurin da kake, guda biyu, ta arewa da ta gabas. A kewayen Riyad za ka ga ta farko ta fara da 24 ko 25, ta biyu da 46 ko 47. Ka koyi fito da su a wayarka tun yau, ka kuma iya karanta su da Larabci. Wanda iƙamarsa, wato takardar izinin zama, ta ƙare ma ya kira, maganar takarda a yi ta daga baya. Kafin ku fita kuma, a tura wa wani ɗan'uwa a gari sunan wurin, da lambar mota, da lokacin da in bai ji ku ba zai fara kira.