Yunwar ƙarfe ɗaya na dare: kurakuran 'yan hostel da gyaransu

Duk wanda ya yi zaman hostel, a Samaru ne ko a Kano, Sakkwato ko Maiduguri, ya san wannan lokacin. An dawo daga aji wajen ƙarfe ɗaya, ido ya yi jawur da karatu, masu abinci sun kife tukwane tun goma, ciki kuwa sai kiran ciroma yake yi. Iyayenmu da suka yi jami'a a shekarun 1970 ba su san wannan ba, tikiti suke miƙawa a zuba musu sau uku a rana. Ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ne ma ya tayar da zanga-zangar Ali Must Go a 1978, har aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Daga baya gwamnati ta zare hannunta daga ciyarwa, kowa ya koma tashi ka fisshe ka.

Babban kuskuren, wanda sauran duk 'ya'yansa ne, tun da rana ake tafka shi. Ɗalibi ya fita lacca bakwai da rabi bai karya ba, da azahar ya ce sai an fito, da magariba ya tura biskit da ruwan leda. Har suna aka sa wa abin, sifili-sifili-ɗaya, wato ba na safe, ba na rana, sai na yamma, ana faɗa ana dariya. To wanda ya wuni haka, in dare ya raba ba shi ke zaɓen abinci ba, yunwa ke zaɓa masa, kuma ita ba ta duba aljihu. Ka ci abu mai riƙe ciki tsakanin magariba da isha, garau-garau ne, ɗanwake ne, ko tuwo in ka samu. Wake yana daɗewa a ciki. In ka yi haka, abin da za ka nema da tsakar dare ɗan taɓawa ne kawai.

Sai Indomie. Ba zan ce a daina ba, don na san ba za a ji ba, ni ma na ci kwali-kwali. Inda ake ɓata ta shi ne a dafa biyu ko uku, a juye sinadarin ledar kaf, a ƙara magi, a ci tsurarta a kwanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce gishirin babban mutum a yini kada ya kai giram 5, irin wannan dahuwar kuwa ta cinye kaso mai tsoka a zama ɗaya. Shi ya sa ƙishirwa ke tashin mutum da asuba. Dafa ɗaya, zuba rabin sinadarin, yanka albasa da attaruhu, fasa ƙwai. In akwai kabeji ko busasshen zogale daga gida, watsa. 'Yan mata sun fi mu wayo a nan, su kan zo da soyayyen kayan miya a roba da yajin daddawa, sai ka ji ƙamshi ka rasa me ake dafawa.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne ɗumame. A dafa shinkafa ko taliya da rana, a bar ta cikin tukunya a ƙarƙashin gado, cikin zafin watan Afrilu, ƙarfe biyun dare a shinshina a ce ai ba ta yi komai ba. Hanci ba ya gane wannan. Akwai ƙwayar cutar da ke zama a shinkafa tun tana ɗanya, dahuwa ba ta kashe irinta, in abinci ya huce ya zauna sai ta hayayyafa ta saki dafi, kuma dafin ba ya mutuwa da ɗumi. Wani abokin ɗakinmu a aji biyu ya ci irin wannan dafa-duka ana gobe jarabawa. Tun kafin kiran assalatu amai ya fara, mu muka riƙe shi zuwa asibitin makaranta, kwas ɗin kuwa sai da ya dawo masa. Ƙa'idar masana ita ce dafaffen abinci kada ya wuce awa biyu a waje in babu firji, a zafinmu ma a rage. Dafa daidai cikinka, in ya ragu kira maƙwabci. Kular zafi mai kyau tana ɗan jan lokaci, amma sai an zuba abincin yana tururi, ba bayan ya huce ba. Awara, alale da kunun aya su ma ba sa jira.

Gari fa? Sarkin hostel ke nan, ba ya buƙatar wuta, ba ya buƙatar risho. Laifinsa biyu ne, kuma duk namu ne. Na farko a sha shi da sukari zalla, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo sabuwa. A jefa ƙuli-ƙuli ko gyaɗa da ɗan madara, ko a yi kwaɗo da albasa da tumatir da mai. Na biyu ajiya. Ana barinsa a buhu baki buɗe, ɓeraye na shawagi a kai. Zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969, ta fitsari da kashin ɓera yake shiga abinci, ya fi kuma tashi da rani. Gari ba a dafa shi kafin a sha, don haka bokiti mai murfi ba ado ba ne. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko take ɗaci, zubar da ita.

Kan shayi da kofi ba zan tsawaita ba. Abin da ke hana barci a cikinsu yana ɗaukar kusan awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki, wanda ya sha Nescafé ko lemon ƙara kuzari ƙarfe biyu, zai kwanta huɗu ido biyu, ya shiga jarabawa kai kamar an cusa auduga. In za a sha, a sha da wuri. Bayan sha biyu, ruwan zafi da citta ya wadatar, ko kunun gyaɗa na gari da ake damawa nan take.

Wuta kuma. Hostel da yawa sun hana hita da abin girki na lantarki, ana dai ɓoyewa. Yadda gobara ke tashi sananne ne: an jona, an ɗauke wuta, an manta ba a cire ba, kowa ya yi barci, aka dawo da ita. Da hunturu kuma sai a rufe taga ruf a kunna risho ko gawayi a ɗaki don a ji ɗumi. Iskar da gawayi ke fitarwa ba ta da wari, barci take sa mutum, wani ba ya farkawa. A yi girki a kicin ko a baranda. Filas ɗin ruwan zafi da aka cika tun da yamma ya ɗauke rabin wannan wahala.

In ta kama sai an fita, a fita biyu ko uku, musamman mata, kuma a san lokacin rufe ƙofa. Tsiren da ya wuni a tire, ka ce a mayar maka kan wuta ka ga yana tsartsatsi. Wajen mai shayi ka ga an fasa ƙwan a gabanka. Da an dawo kuma kada a faɗa katifa nan take, mai ƙwannafi ya san abin da nake nufi; a ba ciki ko da awa biyu, ai ga sauran karatu nan.

Sai littafin bashi. Malam mai shayi mutumin kirki ne, "rubuta min" ba ya musawa. Haɗin kauri yau, burodi da ƙwai biyu gobe, ba ka jin zafin komai don ba ka ga kuɗi na fita ba. Ranar da aka turo na wata, kafin ka sayi ko kwanon shinkafa ya buɗe shafinka. Ni da na ga nawa a zangon farko, sai da na ce ya sake lissafawa a gabana. Ya sake, har da wani ƙwai da ya manta bai sa ba.