Yadda ake sauƙaƙa wa iyakwandishan aiki da ruwa a wuri mai zafi da bushewa

Aikin iyakwandishan shi ne ya kwashe zafin ɗaki ya kai ɓangarensa na waje ya zubar. Idan iskar waje ta kai digiri 40, zubarwar takan yi wuya: kwamfaresa, wato injin da ke matsa gas ɗin sanyi, ta yi ta gurnani, mita na gudu, sanyin kuma bai taka kara ya karya ba. Dabarar ita ce a sanyaya iskar kafin ta shiga ɓangaren waje. Ruwa ne zai yi wannan aikin, kamar dai yadda zufa ke sanyaya jiki idan iska ta busar da ita.

Fara da kashe wutar na'urar, ka wanke ƙurar da ta toshe siraran ƙarafan nan na bayan ɓangaren waje. Sau da yawa wannan kaɗai ma sai ka ji bambanci.

Sannan ka nemi allon kwali mai ramuka kamar saƙar zuma, irin na cikin kula, na'urar sanyaya ɗaki mai amfani da ruwa. Kafa shi a gefen da fankar ɓangaren waje ke zuƙo iska, ka bar tazarar kamar taƙi ɗaya tsakaninsu. Kada ka manna shi, domin in iska ta ragu ka yi gyaran gangar auzinawa. A ƙasa ka sa tire mai tara ruwa, da ƙaramin famfo mai tura shi sama ta siririn tiyo mai huji-huji, ya riƙa ɗiga a hankali har allon ya jiƙe ko'ina. A zafin digiri 40 da laimar kashi 20 cikin ɗari, allo mai kyau yana iya sauko da zafin iskar zuwa ƙasa da digiri 30.

Wasu sukan fesa ruwan kai tsaye a kan ƙarafan. Ban ba da wannan shawara ba, musamman in ruwan mai zartsi ne. Ruwa ya bushe, gishirin ya zauna, wata biyu uku sai ka ga farin ɓawo ya lulluɓe su, ga tsatsa, ga haɗarin jiƙa wayoyi.

Duk mako ka zubar da ruwan tiren ka wanke shi, saboda gansakuka da sauro. Haɗa famfon yadda zai tashi tare da kwamfaresa, kuma mai gyaran lantarki ya kamata ya yi wannan haɗin. Da zarar iska ta yi laima, ruwa ba zai ƙara bushewa da sauri ba, sai ka cire allon ka shanya shi ka adana.