Yadda Ake Ɗaura Wayoyi da Tuƙa Ƙaramin Katamara a Madatsar Tiga

Katamara jirgin ruwa ne mai jiki biyu, kamar kwalekwale biyu sirara da aka haɗa da ƙarfe, aka shimfiɗa tamfol a tsakaninsu, sannan aka kafa doguwar sanda mai ɗauke da ƙyallen da iska ke turawa. Sunan daga harshen Tamil na kudancin Indiya ya samo asali, ma'anarsa itatuwan da aka ɗaure tare. Irin wanda mai koyo zai fi haɗuwa da shi shi ne Hobie 16, ƙirar Hobie Alter na Kaliforniya, mai tsawon kusan mita 5 da ƙyalle biyu, babba a baya da ƙarami a gaba. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, tana da faɗin da ya isa koyo, amma fa akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwan, kuma suna matsowa sama idan rani ya yi nisa, aka saki ruwa domin noman Kadawa. Don haka kafin komai, a gai da masunta. "Baba, ina ne kuka zuba raga yau?" Amsarsu ta fi taswira amfani.

A bakin ruwa ake fara aiki. Mutum biyu ne ke ɗaga sandar, bayan sun duba sama sun tabbatar babu wayar lantarki kusa, domin sandar ta alminiyam ce. Wayoyi uku ke riƙe ta: ɗaya a gaba, biyu a gefe. Kowace wayar gefe tana shiga wani ƙarfe mai jerin huji, kuma wajibi ne a ƙirga hujin a sa dama daidai da hagu, in ba haka ba jirgin zai yi gudu idan iska ta fito ta wannan gefe, ya yi nauyi idan ta fito ta wancan. Sandar ba a tsaye cak ake son ta ba. Ana karkatar da ita baya kaɗan, saboda hakan na rage wa hancin jirgin nutsewa, wanda shi ne aibin da aka san Hobie 16 da shi: hanci ya soke cikin ruwa, jirgi ya tuntsura gaba.

Tamfol ɗin tsakiya a ja igiyarsa har ya yi tauri kamar fatar kalangu, don idan ya saki, jikin biyu za su riƙa murɗawa kowa da nasa. Siraran sandunan da ke cikin babban ƙyallen kuwa, a matse su daidai yadda tamoji zai ɓace, kada a wuce nan. Katakan juyawa biyu na baya a auna tazararsu da tef, gaba da baya, ya kasance sun yi daidai ko gaban ya ɗan fi matsewa. Sannan a toshe hujin fitar da ruwa na kowane jiki. Na taɓa mantawa da na hagu, sai da na ga gefen yana zama kamar jaki mai ɗingishi na gane.

A kan ruwa, da rigar ceto a jiki, a ɗaura ɗan zare a wayar gefe ya riƙa nuna inda iska take fitowa. Da hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, kuma ita ce ta dace da mai koyo. Da damina kuwa, muddin hadari ya haɗo daga gabas, a koma gaɓa. Jirgin ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya kauce mata da kusan digiri 45, ya yi ta zikzak. Juyawar nan ce ke wahalar da kowa, domin katamara ba shi da nauyin da zai ɗauke shi ya tsallake iska. A tara gudu tukuna, a tura sandar tuƙi a hankali ba da fizga ba, a bar ƙaramin ƙyallen a ɗaure har iska ta cika shi ta baya ta tura hancin, sannan a sake shi, a kuma ɗan sassauta igiyar babban.

Igiyar nan kada ta bar hannu. Idan jiki ɗaya ya ɗaga sama fiye da yadda ake so, sassauta ta kawai zai sauke shi. In kuwa jirgin ya kife, a saki igiyoyin ƙyallen duka, a hau jikin da ke cikin ruwa, a jefa igiyar ɗagawa ta kan na sama, mutum biyu su jingina baya tare har sandar ta fito daga ruwa.