Laushin ƙashi a kunkurun gida: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Babban kunkurun Sahel da ake kiwo a gidajen Garwa, Marwa da Njamena yana bukatar abu biyu kafin ƙashinsa da ƙoƙon bayansa su yi ƙwari: sinadarin kalsiyam a abinci, da bitamin D3 wanda fatarsa ke haɗawa idan UVB, wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, ya taɓa ta. In babu D3, hanji ba ya tsotse kalsiyam ko da an cika masa shi a kwano. Sai jiki ya koma yana zaro shi daga ƙashi, ƙoƙo ya yi laushi, ƙafafun baya su kasa ɗaga shi, muƙamuƙi ya saki.

Kuskure na farko shi ne ajiye shi a ɗaki ko a kwali kusa da taga. Gilashi yana tare UVB, don haka ranar da ta ratso taga ɗumi kawai take bayarwa. A ƙasar da rana ta yi yawa haka, wannan sakaci ne zalla. A kewaye masa wuri a tsakar gida inda hantsi ke sauka, da inuwa ko rami da zai shige, da ruwa a faffaɗan kwano marar zurfi. Inuwar dole ce: zafin Maris da Afrilu yakan wuce digiri 40, kuma ɗan kunkuru a cikin bahon roba a rana zai iya mutuwa kafin azahar. Wanda tilas ta sa shi kiwo a ɗaki ya nemi fitilar UVB, ya sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, domin ƙarfinta yana ƙarewa tun tana haske.

Na biyu, abinci. Ragowar tuwo, shinkafa, burodi da dusa duk sinadarin fosfaras ya fi kalsiyam yawa a cikinsu, alhali ana so kalsiyam ya ninka fosfaras sau biyu. Nama kuwa yana sa girman gaggawa, yana kuma wahalar da ƙoda. Wannan dabba maciyar ciyawa ce. Mafi yawan abincinta ya zama ciyawa irin kiri-kiri, ɗanya ko busasshiya, a ƙara ganyen zogale kaɗan. Latas kusan ruwa ne, alayyahu kuma yana da sinadarin da ke ɗaure kalsiyam, sai jefi-jefi.

Ƙarin kalsiyam ba ya cin kuɗi. A tafasa ɓawon ƙwai minti 10, a shanya, a daka ya yi lukwi, a barbaɗa ɗan abin da yatsu biyu suka tsinta a kan abinci sau biyu ko uku a mako. Macen da ke shirin yin ƙwai da 'ya'yan da ke girma sun fi bukata.

Akwai masu ɗura masa bitamin D na mutane da zarar sun ga alamar laushin ƙashi. In ya yi yawa, sai kalsiyam ya taru a ƙoda da jijiyoyi. Ƙoƙon sabon ƙyanƙyasa yana ɗan lotsawa a watannin farko, wannan ba ciwo ba ne. Amma babba da ƙoƙonsa ke lotsawa, ko yake jan ciki, ko ya daina ci, a kai shi wurin likitan dabbobi ya duba, ya ba da kalsiyam gwargwadon nauyinsa. A ɗauke shi da hannu biyu, a tallafi ƙasansa, saboda ƙashin na iya karyewa. Ƙwarin yakan dawo cikin watanni, amma ƙoƙon da ya riga ya karkace haka zai zauna.