Darasi na 7: Kiwon Kifi da Noman Lambu da Ruwan Zartsi

Akwai garuruwan da in aka haƙa rijiya sai a tarar da ruwan zartsi. Ba ya shayuwa, shuka ma ba ta son sa. Amma bai zama na zubarwa ba. A hamadar Negev ta Isra'ila, da irin wannan ruwa na ƙarƙashin ƙasa ake kiwon kifi. A Dubai kuma, wata cibiyar bincike mai suna ICBA, wadda aka kafa a 1999, tana gwada kiwon kifi da noma da ruwan gishiri.

Ga yadda aikin yake. Kifi yana cikin tanki. Kashinsa yana sakin guba mai suna amoniya. Famfo yana tura ruwan zuwa kwamin da aka cika da tsakuwa. A jikin tsakuwar akwai ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, su ne ke mayar da gubar ta zama taki. Saiwar shuka ta sha takin, ruwa ya koma wa kifi a tace.

Ruwan teku yana da gishiri kamar giram 35 a kowace lita. Na zartsi bai kai haka ba. Karfasa tana jure shi fiye da tarwaɗa. Tumatir yana jure kaɗan, amma albasa da karas ba sa jurewa.

To, ku riƙe wannan da kyau, domin nan ne mutane ke yin asara. Rana tana shanye ruwa, amma ba ta ɗaukar gishiri. Duk lokacin da kuka cika tanki da ruwan rijiyar, gishiri ƙaruwa yake yi. Ido ba zai gane ba sai bakin ganye ya fara ƙonewa, a lokacin kuwa an makara. Shi ya sa masu bincike ke tsoma ƙananan na'urori a cikin ruwan. Ɗaya tana auna gishiri ta hanyar duba yadda lantarki ke ratsa ruwa. Wata tana auna tsami, wanda ake so ya tsaya tsakanin 6 da 7 a ma'aunin tsami da ake kira pH. Wata kuma iskar da kifi ke shaƙa, kada ta gaza miligiram 5 a lita. Idan abu ya kauce, saƙo zai shigo wayar mai gona, ko da tsakar dare ne famfo ya tsaya.

Na'urar ma tana son kulawa. In gansakuka ta rufe bakinta, lambar da za ta bayar ba daidai ba ce. A riƙa wanke ta. In gishiri ya hau, a rage ruwan tankin, a ƙara na sama da aka tara da damina.

Aikin gida: ku zuba ruwan rijiyarku a baƙin faranti, ku ajiye a rana har ya bushe. Ku rubuta abin da kuka gani a ƙasan farantin, ku zo da shi aji.